Fastar da Ta Hana Ka Ganin Fuska

Masu tallata fina-finai a Hollywood suna da hujja guda da suke jawowa duk lokacin da aka yi zancen fastar zanen hannu: wai ɗan kallo fuskar jarumi yake saye, ba gwanintar mai zane ba. Da wannan hujja ce, tun bayan fitowar Photoshop a 1990, fastocin manyan fina-finai suka koma tarin kawunan 'yan wasa, babba a sama, ƙanana a ƙasa, sai ka ce kalandar 'yan takara. Hujjar ba ta da ƙwari. Tun a 1958 Saul Bass ya yi wa fim ɗin Vertigo fasta da layuka masu murɗewa da inuwar mutane suna faɗawa ciki, babu fuskar jarumin fim ɗin, James Stewart, ko ta magani.

Amma wanda ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne Drew Struzan, wanda ya rasu a 2025. Akasarin masu yabonsa fastocin Star Wars da Indiana Jones suke kawowa, inda ya jera fuskoki da fenti na feshi da fensir mai launi. Aiki ne mai kyau, sai dai gwanintarsa ta gaske tana cikin fastar The Thing, fim ɗin John Carpenter na 1982.

Dare ɗaya aka ba shi, bai kuma kalli fim ɗin ba. Abin da ya zana mutum ne tsaye a tsakiyar takarda, sanye da ƙatuwar rigar sanyi mai hula, hannuwansa sun ɗan buɗe daga jiki, ƙanƙara ta kewaye shi cikin shuɗi da baƙi. Inda ya kamata fuska ta kasance, wani farin haske ne ke fashewa yana watsuwa ta ko'ina. Idon ɗan Adam kuwa, duk inda ya ga siffar mutum, fuska yake fara nema. Struzan ya san haka, sai ya tattara komai, layukan hasken da faɗin kafaɗu da zagayen hular, ya kai idon mai kallo daidai wurin, sannan ya hana shi abin da ya zo nema. Labarin fim ɗin na wata halitta ce da ke kwaikwayon siffar mutane a wani sansanin bincike a Antatika, har kowa ya daina yarda da na kusa da shi. Ke nan wanda ya tsaya gaban fastar ya riga ya shiga irin ruɗanin mutanen sansanin kafin ya sayi tikiti.

Za a ce ai fim ɗin bai yi kasuwa ba da ya fito. Gaskiya ne, kuma ya fito ne bai fi makonni biyu da fitowar fim ɗin E.T. ba, lokacin da hankalin Amurka ya karkata ga baƙon sama mai tausayi. Laifin fasta ba ya cikin wannan.

Dabarar ɓoye fuska ita ce ta raya sana'ar zanen fasta a wannan zamani. Kamfanin Mondo na birnin Austin a jihar Texas, mai buga fastoci 'yan ƙalilan don masu tarawa, ya fitar da jerin fastocin Star Wars na Olly Moss ɗan Ingila a 2010. A ta farko, inuwar mutum-mutumin C-3PO kawai ya zana, ya cika cikinta da hamadar Tatooine, ranaku biyun da ke faɗuwa a wannan duniyar suka zama idanunsa. A ta ukun jerin kuma, rassan bishiyoyin dajin Endor ne suka harhaɗu suka fitar da takunkumin Darth Vader, wanda sai mutum ya ɗan ja da baya yake gane shi.