Masu Tsaron Tsofaffi a Gidajen Kaikai

A Kaikai, kamar sauran ƙauyukan Kusada da Kankiya, idan gigin tsufa ya kama dattijo, 'ya'ya mata da surukai da jikoki ne ke ɗaukar nauyinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da wannan larura a faɗin duniya, amma a nan babu gidan renon tsofaffi, sai tsakar gida.

Aikinsu ba ya hayaniya. Su ke rufe bakin rijiya su ɗora dutse, su kashe garwashin murhu da zarar an sauke tuwo. Kalanzir da maganin feshin gona, waɗanda ake yawan zubawa a robar lemo, sai an kai su rumbu an kulle, don Baba zai iya ɗauka ya kurɓa. Da hunturu, jika ke kwana kusa da kaskon wuta, kunnenta a kan sakatar ƙofa.

Wata kan ɗinke takarda mai lambar waya a aljihun rigarsa. In ya sulale ya nufi gonar da aka sayar tuntuni, mai shayi ko ɗan acaɓa ya dawo da shi, ita kuwa ta tarbe shi da "Sannu da dawowa, Baba," ta miƙa masa buta.