Masu Zaɓen Irin Albasa a Ƙasar Adar

Albasar Galmi da ake lodawa zuwa Akara da Abijan ba ta sami jan ɓawonta da juriyar ajiya haka kawai ba. Aikin manoman Galmi ne, cikin yankin Malbaza, da takwarorinsu na kwarin Badaguishiri da Birnin Ƙonni, waɗanda suka daɗe suna tace irinta.

Aikin yakan ci shekara biyu. Bayan an cire albasa, mai iri yakan ware kawuna masu tauri da siririn wuya, ya jera su cikin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, su wuce damina. Duk wanda ya ruɓe ko ya yi saurin tsiro an yar da shi. Da shigowar sanyi sai a sake dasa sauran, su yi fure. Gwani ba ya barin farar albasa kusa, domin ƙudan zuma na gauraya iri.

A Ingila, wani mai suna Thomas Fairchild ya shahara wajen 1717 da ya haɗa furanni iri biyu da hannunsa. Su kuwa manoman Adar da zaɓe da haƙuri suka yi nasu, kuma daga irinsu masu bincike suka fitar da irin da ake kira Violet de Galmi.