Ina Mutanen Birnin Nan Ke Samun Ruwan Sha?

Jama'a, musamman ku 'yan makaranta, yau za mu duba wani littafin Turanci mai suna A Feast for Crows, wanda George R. R. Martin, mutumin Amurka, ya fitar a 2005. A ciki akwai wani birni na ƙage, wai shi Braavos, an gina shi bisa tsibirai a bakin teku. Ruwa gabas, ruwa yamma, amma duk zartsi ne, ba ya shawuwa.

To, me mutanen ke sha? Masu ƙaga labari da yawa ba su kula da wannan tambaya. Sai su cika gari da sarakuna da mayaƙa, su bar su ba ko rijiya. Shi Martin bai yi wannan sake ba. Ya sa mutanen sun gina wata doguwar gada ta tubali, ruwan daɗi na gudu a bisanta tun daga tudu har tsakiyar birni. Attajirai su ja shi zuwa gidajensu, talakawa kuwa su ɗauki bokiti su tafi famfon unguwa. Da wannan kaɗai mai karatu ya gane wane ne wane a garin. Nan kam ya cancanci yabo.

Amma fa akwai abin gyara. Birnin nan ya yi kama da Benis ta ƙasar Italiya, ita ma cikin ruwan gishiri take. Mutanen Benis ruwan sama suka riƙa tarawa. Sukan haƙa babban rami a dandali, su shafe shi da yumɓu don kada zartsi ya shiga, su cika shi da rairayi, sa'an nan su gina rijiya a tsakiya. Ruwan sama ya bi ta cikin rairayin ya tace, ya taru a rijiyar. Irinsu sun kai dubbai. In suka kasa, sai a yi jigilar ruwa da jirage daga kogin Brenta. Ruwan famfo bai iso musu ba sai 1884.

Amfanin wannan dabara shi ne, abokin gaba ba ya iya tare ruwan sama. Gada kuwa ana iya sare ta. Haka Gotawa suka yi wa birnin Roma a shekara ta 537, suka datse hanyoyin ruwansa. Martin ya ɓata lokaci yana kwatanta ƙaton mutum-mutumin da ke tsaron mashigin teku, har ya sa birnin ya zama gagara-badau, alhali kuwa maƙogwaronsa na shimfiɗe a fili. Mai karatu mai hankali dole ya tambaya, in an sare gadar fa?

Saboda haka, in malam ya ce ku ƙaga labarin wani gari, kafin ku gina fadar sarki ku fara haƙa rijiya, ku kuma san wanda zai tsare ta. Allah ya ba da sa'a.