Gwanintar Malamar da Ke Koyar da Motar Kara

Da an gama girbin dawa kara ya bushe, yaran karkara sun samu abin yi. A ɓare ɓawon kara a yi tsinke da shi, a yayyanka totuwa a sossoke, kafin la'asar motoci sun fito layi. Na birni kuma tasu ta langa-langa ce da gwangwanin madara, tayoyi daga tsohon silifas. Ba wanda ya zaunar da su a aji ya koya musu. To me ya rage wa malamin firamare ya koyar a darasin ƙira da fasaha? Abin da ya rage shi ne dalili: me ya sa wannan motar ke gudu, waccan ke ɗingishi.

Darasin ba baƙo ba ne a wurinmu. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, inda ake koyon irin su kafinta, ƙira da dukanci. Daga baya aka yi zamanin "aikin hannu", wanda a makarantu da yawa ya lalace ya koma kawo tsintsiya daga gida, ko ma kuɗinta. Ingila ta sa fasaha cikin darussan dole a dokar ilimi ta 1988, tun daga ƙananan azuzuwa, a Najeriya kuma hukumar NERDC ta sa kimiyya da fasaha a manhajar firamare. Rubutawa a manhaja ba wuya. Aikin yana wurin malamar da za ta tsaya gaban yara da kwali da murfin kwalba.

Gwana a wannan fanni ba ta fara da "ku yi mota". Matsala take ajiyewa a gabansu: ana son mota da za ta ɗauki duwatsu uku, a sake ta daga kan allon da aka jingina da benci, ta kai bakin ƙofa ba ta karkace ba. Kowane rukuni ya zana tasa a takarda, ya auna da rula, kafin a taɓa reza. Yara ba sa son wannan matakin, hannunsu ƙaiƙayi yake. Ita kuwa ta san zanen ne zai zama shaida in an zo neman inda aka kuskure.

Sai a zo kan taya, inda ake gane malama. Yaro ya yanko silifas, ya huda shi da ƙusa a inda idonsa ya ce masa nan ne tsakiya. Aka saki mota, tana tafe tana tsalle.

"Malama, tawa ta ƙi."

"Juya tayar a hankali mu gani. Ina take ɗagawa?"

Ba za ta karɓa ta gyara masa ba, ko da yake cikin minti ɗaya za ta iya. Za ta sa shi ya ɗora tayar a kan takarda, ya zagaye ta da fensir, ya yanke, ya ninka biyu, ya sake ninkawa. Inda layukan suka haɗu, nan ne cibiya. Yaron ya yi lissafin da'ira ke nan, bai ma san ya yi ba. Wata yarinya kuma tata ta cije, don ta soke sandar tayoyin kai tsaye cikin totuwa. Tambaya ɗaya ta isa: me ke riƙe sandar? A samo biron da ya ƙare a cire hanjinsa, a zura sandar cikin bututun, sai ga taya tana juyi sumul. A nan ne kalmar gogayya ke shiga kunnen yaro ta zauna, domin ya ji ta da yatsunsa. Motar da ke karkata hagu kuwa, a auna tazarar sandar gaba da ta baya ta ɓangarorin biyu, za a tarar ɗaya ya fi ɗaya.

Wannan riƙe hannu shi ya fi burge ni. Yawancinmu manya ba ma iya kallon yaro yana fama mu yi shiru. Ko mu ƙwace mu yi masa, ko mu daka masa tsawa. Ita tana auna lokacin da fama ke koyarwa da lokacin da ya fara kashe gwiwa, sannan ta jefa tambaya.

Akwai kuma aikin da ba a gani. Tun mako guda take sa a tara kwalaye da murafu. Reza da ƙusa a teburinta suke, rukuni-rukuni ake zuwa yanka a gabanta, abin da ba wasa ba ne a ajin da yara suka cika maƙil. Tana kuma lura kada maza su mamaye kayan aiki su bar mata da riƙe gam.

Wajen ba da maki, ba motar da ta fi kyau take bi ba, don ta san wata yayan yaro ne ya ƙera masa a gida. Takardar zanen farko take ɗaukowa ta ajiye kusa da motar da aka gama, ta ce, "Faɗa mini abin da ka canja, da abin da ya sa."