Nauyin Murfi da Hukuncin Hanci

Tun da turarukan fesawa na Dubai, irin su Lattafa da Rasasi da Ajmal, suka yawaita a kasuwannin ƙasar Bagudo, waɗansu daga Kano, waɗansu daga Kotono ta hanyar Segbana da Tsamiya, na lura da wata ɗabi'a da ta shiga masu saye, wadda ban san iyayenmu da ita ba: mutum zai karɓi kwalba, kafin ya kai ta hanci sai ya zare murfin, ya ɗora shi a tafin hannu yana jinjinawa kamar mai awon zinariya, in ya ji nauyi da sanyin ƙarfe ya ce wannan na ainihi ne, in ya ji shi sakayau ya mayar ya ce jabu. Hanci, wanda shi ne alƙalin wannan shari'a tun fil'azal, an tuɓe masa rawani an naɗa wa tafin hannu.

Da abin ya tsaya ga masu saye, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma ɗiyar ƙanena a nan Sharabi, wadda ta koyi haɗa humra da turaren jiki tana sayar wa amare da masu haɗa lefe, ta zo mini bara da fuska a murtuke, ta zube mini murafai dozin biyar masu ruwan zinariya, ta ce, "Baffa, ko ɗaya bai zauna ba." Ta aika Kano an sayo mata kwalabe a wuri ɗaya, murafai a wani wuri, domin ta ga hotonsu a waya sun burge ta, kuma babu wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta tambayi kowa ba, ko wuyan kwalbar milimita nawa ne.

To, a nan mas'alar take. Kwalbar turaren fesawa ba a yin wuyanta da ka, akwai ma'auni da masana'antun Turai suka yi ittifaƙi a kansa, wanda ake kira FEA, aka kasa shi 13 da 15 da 18 da 20, gwargwadon faɗin bakin da milimita, kuma na 15 shi ne ya fi yawa a duniya, har kwalaben Sin da na Dubai galibi shi suke bi. A kan wannan wuya ake ɗora famfon fesawa, a matse gefensa na alminiyon da inji ya rungumi leɓen kwalbar, sannan a sa masa zobe ya rufe matsin. Abin da ke hana ƙanshi fita shi ne wata 'yar roba da ke ƙarƙashin famfon, wadda ba mai ganinta. Murfi kuwa, duk girmansa da ƙyallinsa, zoben nan kawai yake kamawa, aikinsa tsare kan famfon daga ƙura da dannawa bisa kuskure, ba shi da hannu ko kaɗan a cikin riƙe turare. Saboda haka wanda ya fara zaɓen murfi kafin wuya, ya sayi hula ne tun bai ga kan da zai sa ta ba.

Shi kansa ƙarfen da ake tinƙaho da shi, ya kamata a san asalinsa. Sunansa zamak, gauraye ne na tutiya da ɗan alminiyon da magnisiyom da jan ƙarfe, wani kamfanin tutiya na New Jersey a Amurka ya fito da shi a 1929, kuma da shi ake zuba hannun ƙofa da kan bel da zif. Falalarsa biyu ce, yana karɓar zubi da zane mai kyau, kuma ya ninka alminiyon nauyi kusan sau biyu da rabi. Ruwan zinariyar da ke bayansa shafe ne wanda bai kai kaurin fatar albasa ba, kuma in man turare ya daɗe yana taɓa shi sai ya dushe ko ya yi ɓawo, shi ya sa in ka leƙa cikin kowane murfi mai nauyi za ka tarar da ƙoƙon roba, wanda shi ne yake yin riƙon na haƙiƙa. Roba ke aiki a ɓoye, ƙarfe ke karɓar yabo a sarari. Wanda kuma ya taɓa ɗaga kwalba ta murfi, ta suɓuce ta bar masa ƙarfe a hannu ta tarwatse a daɓe, ya san abin da sakacin ƙoƙon nan yake jawowa, balle kayan da za su sha girgizar kabu-kabu a hanyoyinmu, su tsallake Kwara, su kwana cikin zafin bazara.

Ba na cewa ado haramun ne, ko kusa. Turare sunna ne, ƙawata mazubinsa kuma tsohuwar al'ada ce, ga Faransa inda Coty mai turare ya haɗa kai da Lalique mai sarrafa gilashi tun farkon ƙarnin da ya wuce. Abin da nake inkari shi ne a mai da zahiri hujja a kan baɗini. Fuƙaha'unmu na Malikiyya sun yi bahasi mai tsawo a kan algus da tadlisi, wato ƙawata haja ta yadda mai saye zai zaci wani alheri da babu shi, kuma duk da ban isa in yi wa kowa fatawa ba, ina ganin wanda ya rage man turare ya ƙara tsinkin ruwa, sannan ya kashe rarar kuɗin a kan murfi domin ya san hannu za a tambaya ba hanci ba, ya yi kiwo a gefen wannan hurumi. Masu yin jabu ma ai sun riga kowa gane lagon, murfi ya fi ƙanshi sauƙin kwaikwayo nesa ba kusa ba. Wani abin dariya, a hadisin nan mashahuri na Buhari da Muslim an buga misalin abokin kirki da mai ɗauke da almiski, mugun aboki da mai zugar maƙera, ga shi yau mai almiski ba ya iya sayar da hajarsa sai maƙeri ya tsaya masa shaida.

Akwai kuma hasarar da ba a lissafawa. Wuyan da aka matse da inji ba ya buɗuwa sai an ɓalle shi, don haka ran da turaren ya ƙare, kwalba mai kauri da murfinta mai tsada sun zama shara, alhali mu mutane ne da ba mu saba yar da kwalba ba. Bintu Sudan, wadda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fitar a 1920 kuma daga baya aka riƙa yin ta a Kano, ta shekara ɗari tana shiga kayan aure cikin 'yar kwalba da ba ta kai tsawon yatsa biyu ba, in ta ƙare tsofaffinmu su zuba kwalli ko man shafawa. Turawan ma yanzu suna komawa ga wuya mai murɗawa domin a riƙa sake cikawa, kamfanin Mugler ma yana sake cika kwalaben turarensa Angel tun 1992.

Humra da turaren mai kuwa ba su da wata hulɗa da famfon fesawa tun farko, kaurinsu toshe shi yake yi. Mazubinsu na asali shi ne kwalbar tola, mai cin mililita 12, da rabinta mai 6, da rubu'inta mai 3, masu murfin murɗawa, kuma a nan ne kaɗai murfi yake da iko na gaskiya, domin shi da 'yar shimfiɗar da ke cikinsa su ne ƙofar. Abin da na gaya wa ɗiyata ke nan: ta sayi kwalba da murfinta a hannu ɗaya, ta cika guda ta kife ta a kan farin ƙyalle ta kwana, in da safe babu tabo ta biya sauran. Ta yi haka, amma sai da ta ce, "Baffa, amaren fa sai sun jinjina." Murafan dozin biyar suna nan cikin gwangwanin madara, ƙannenta na yin dara da su a ƙofar gida.