Jinjina ga Masu Ɗinkin Hula

Da bazara, idan zafi ya kora kowa inuwa, matan Bebeji da Kiru kan ɗauko allura da zare. Ɗinkin hula ba ya son gaggawa. Guda ɗaya kan ci makonni, ido na raɗaɗi, yatsa na shan suka, in zane ya kauce kuma a warware a sake. Hannuwan nan ne dai ke ban ruwan alayyafo a bayan gida, su tsinki tumatir a gonakin da madatsar Tiga ke shayarwa tun 1974. Har daga Tudun Wada da Doguwa hulunan kan kai Kasuwar Kurmi. Ba dominsu ba, me ango zai ɗora ranar ɗaurin aure? Sannunku, iyayenmu, Allah ya ƙara wa idanunku haske.