Gwanayen gyaran zanen alƙaluma a Maiduguri

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ambaliya ta mamaye Maiduguri, kwalara kuma ta biyo sawu. A irin wannan hali manyan jami'an lafiya ba su da sukunin karanta dogon lissafi. Zane ɗaya suke so, wanda zai nuna musu inda cutar ta fi ƙamari. Masu fitar da irin wannan zane da manhajar R sun cancanci yabo.

R kyauta ce. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka ƙirƙire ta a Jami'ar Auckland, kuma ba da Hausa a ransu suka yi ta ba. Ka rubuta "ƙananan yara" a saman zane, ya fito sumul a allon kwamfuta, kana mayar da shi PDF sai ƙ ta koma ɗige-ɗige. Haka ǝ ta Kanuri. Sabon shiga yakan cire ƙugiyar ya huta. Gwani kuwa tsayawa yake ya binciki inda harafin ya salwanta. In wajen shigo da bayanai ne, ya sake karanta su da tsarin UTF-8. In salon rubutun ne ba shi da harafin, ya koma Noto Sans ko Charis SIL. In kuma mafitar PDF ce, cairo_pdf ta wadatar. Abu ɗaya yake taɓawa a lokaci guda, kamar bakanike mai sauraren inji kafin ya ɗauki sifana.

Sai sunayen ƙananan hukumomin Borno 27, irin su Kwaya Kusar da Askira/Uba, da ke hawa kan juna a gindin zane. Wannan mai sauƙi ce: a kwantar da sandunan zanen, sunaye su jeru a gefe.

Nauyin aiki ya fi ba da wahala, domin R tana ɗora bayanai gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wanda ya zauna a garin nan a 2021, lokacin da aka tarwatsa turakun lantarki aka shafe watanni ba wuta, ya san darajar caji. Shi ya sa gwani ke gwada umarninsa a kan layuka kaɗan tukuna, ya ɗauko ginshiƙan da yake buƙata kawai da umarnin fread, ya adana abin da ya riga ya lissafa.

Ya kamata Jami'ar Maiduguri ta riƙa koya wa ɗaliban ƙididdiga wannan gyara tun daga ajin farko.